Abin Da Manhaja Ba Ta Koyarwa: Yadda Ɗalibin Injiniya Ke Samun Idon Gane Amsar Da Ba Daidai Ba

A shekarar 1978 wata ɗaliba mai suna Diane Hartley tana rubuta kundin kammala digirinta a fannin injiniyan gine-gine a Jami'ar Princeton da ke Amurka. Ginin da ta zaɓa ta yi nazari a kai shi ne Citicorp Center, wani dogon bene mai hawa 59 da aka kammala a birnin New York a 1977. Da ta zauna ta lissafa ƙarfin iskar da ke bugun ginin ta kusurwa, sai ta ga alƙalumanta sun fi waɗanda ke cikin takardun kamfanin da ya tsara ginin. Ta tuntuɓi kamfanin, aka ce mata ginin lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ta rubuta shakkunta a cikin kundin.

Cikin watannin da suka biyo baya, an shafe dare da yawa ana walda a asirce a cikin wannan gini domin kada wata babbar iska ta kayar da shi a tsakiyar birni.

Har yau ana koyar da wannan labari a azuzuwan injiniya, domin yana nuna wani abu da takardar jarrabawa ba ta iya aunawa. Masana suna kiransa basirar yanke hukunci: injiniya ya kalli lamba ya ji a jikinsa cewa akwai matsala, ya san tambayar da ta kamata a yi, ya kuma yanke shawara alhali bayanan da ke hannunsa ba su cika ba. Yanzu da manhaja ke fitar da amsa cikin daƙiƙa ɗaya, tambayar da malaman injiniya ke fama da ita ita ce yadda za a dasa wannan basira a zuciyar ɗalibi tun kafin a miƙa masa rayukan mutane.

Abin da ya faru a Citicorp

Tsarin ginin ya bambanta da na sauran benaye. Akwai wata majami'a mai suna St. Peter's a kusurwa ɗaya ta filin, kuma yarjejeniyar da aka yi ita ce za a sake gina ta a wurinta ba tare da ginshiƙin benen ya ratsa ta ba. Saboda haka injiniya William LeMessurier ya ɗora ginin a kan manyan ginshiƙai huɗu masu tsayin hawa tara, ya kafa su a tsakiyar kowane gefe maimakon kusurwoyi. Nauyin ginin yana gangarowa kansu ne ta wasu ƙarafa da aka gicciye a jikin bangon. A saman benen kuma aka ajiye wani dunƙulen kankare mai nauyin tan 400 da na'ura ke motsawa domin rage lilon da iska ke sa ginin yi. Wannan na'ura da wutar lantarki take aiki.

Dokar gini ta New York a lokacin ta buƙaci a lissafa iskar da ke bugun bango kai-tsaye ne kawai. Ga gini na yau da kullum mai ginshiƙai a kusurwa, wannan ya wadatar. Ga ginin da ginshiƙansa ke tsakiyar gefe kuwa, iskar da ke zuwa ta kusurwa tana da nata lissafin daban.

LeMessurier ya ce kiran wayar wani ɗalibi ne ya sa ya koma kan lissafinsa. Hartley da wani ma'aikacin kamfanin ta yi magana, daga baya kuma wani mutum mai suna Lee DeCarolis ya fito ya ce shi ne ya kira injiniyan a lokacin yana ɗalibi. Ko ma wanne ne, tambayar daga bakin mai koyo ta fito.

Da ya sake lissafi, ya gano iskar kusurwa tana ƙara nauyin da ke kan wasu ƙarafan da kashi 40 cikin 100. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne wani canji da aka yi lokacin gini: ya tsara a haɗa ƙarafan da walda, amma domin rage kuɗi aka ɗaure su da noti, kuma adadin notin bai yi la'akari da iskar kusurwa ba. Lissafinsa ya nuna guguwar da ke zuwa kusan sau ɗaya a shekara 55 za ta iya karya mahaɗar. Idan kuma wuta ta ɗauke, na'urar saman benen ta tsaya, to guguwar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 16 ma ta isa. Kuma lokacin guguwa ne wuta ta fi ɗaukewa.

Ya je ya faɗa wa masu ginin, duk da ya san hakan zai iya kashe masa suna da sana'a. Daga watan Agusta aka fara liƙa faifan ƙarfe mai kaurin inci biyu da walda a kan mahaɗai fiye da 200, ana aikin da dare bayan ma'aikata sun tashi. Ana tsaka da aikin guguwar Ella ta nufo yankin, sannan ta karkata ta yi teku. Manyan jaridun birnin suna yajin aiki a lokacin, don haka labarin bai fito fili sosai ba sai a 1995, da mujallar The New Yorker ta buga shi.

Akwai wani ƙarin bayani da ya kamata ɗalibi ya sani. Bayan shekaru kusan 40, masu bincike a hukumar NIST ta Amurka sun sake nazarin irin wannan gini da kayan aikin zamani, suka nuna cewa barazanar iskar kusurwa ba ta kai yadda aka ɗauka a 1978 ba. Wannan bai mayar da shawarar LeMessurier kuskure ba. Da bayanan da ke gabansa a lokacin, da kuma yawan mutanen da ke ciki da kewayen ginin, gyara shi ne abin da hankali zai ɗauka. Ana auna hukuncin injiniya da abin da ya sani ranar da ya yanke shi.

Me ya sa aji kaɗai ba ya bayar da ita

Tambayar jarrabawa tana da siffa sananniya. An ba ɗalibi dukkan lambobin da yake buƙata, ba ragi ba ƙari, kuma amsa ɗaya ce tak ke jiransa a takardar malami. Idan babin da ake karantawa na lanƙwasar bim ne, ɗalibi ya san ƙa'idar da zai ɗauko tun kafin ya gama karanta tambayar.

A wurin aiki abin ya juye. Babu mai gaya wa injiniya babin da matsalar ta fito. Wasu lambobin babu su, wasu an auna su ba daidai ba, wasu kuma sun yi yawa har suna rufe masa ido. Mai aiki yana son a rage kuɗi, ɗan kwangila yana son a yi sauri, kayan da aka rubuta a zane babu su a kasuwa. Amsoshi da dama za su iya yin aiki, kuma dole a zaɓi ɗaya a sa hannu.

Ralph Peck, shahararren injiniyan ƙasa da harsashin gini wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Illinois, ya gabatar da lacca da aka buga a 1980 yana tambayar inda basirar injiniyoyi ta tafi. Damuwarsa ita ce ana ƙara dogaro da lissafi mai zurfi, ana rage kallon ƙasar da za a yi ginin a kanta. Ya yi wannan ƙorafi ne tun kafin kwamfuta ta shiga kowane ofis.

Lokacin da kwamfuta ta ba da amsa

A ranar 23 ga Agusta 1991, wani katafaren gindin dandalin haƙar gas na kankare mai suna Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ta ƙasar Norway lokacin da ake gwajin nitsar da shi. Babu wanda ya rasu, amma an ƙiyasta asarar a kusan dala miliyan 700. Bincike ya nuna manhajar da aka yi lissafin da ita ta raina ƙarfin da ke kan wasu bangaye da kashi 47 cikin 100, saboda yadda aka yayyanka siffar ginin a cikin kwamfutar bai dace ba. Manhajar ta yi abin da aka sa ta. Lissafin hannu mai sauƙi a kan matsin ruwan da ke kan bangon da ya nuna cewa lambar ta yi ƙanƙanta. Da aka zo sake gina dandalin cikin gaggawa, da lissafin hannu aka tsara mafi yawansa.

Masu rubuta manhaja ma suna da nasu darasin. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai ta Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta na farko. An ɗauko manhajar gane alƙibla daga tsohuwar roka Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. Amma sabuwar rokar ta fi gudu a kwance, sai wata lamba mai bit 64 ta ƙi shiga ma'ajiya mai bit 16, wadda iyakarta 32,767. Kwamfutar ta tsaya. Ta ko-ta-kwana ma ta tsaya, domin manhaja iri ɗaya ke cikinsu. Abin takaicin shi ne ɓangaren da ya jawo matsalar ba shi da wani amfani a Ariane 5 bayan ta bar ƙasa. Waɗanda suka rubuta shi tun farko sun yi zato mai kyau cewa lambar ba za ta kai haka ba, amma zaton na Ariane 4 ne, kuma ba a sake duba shi ba.

Bayan shekara uku, a ranar 23 ga Satumba 1999, hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter. Wata manhaja tana fitar da alƙalumanta da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka da ma'aunin newton ne, bambancin da ya kai ninki 4.45. Kumbon da aka tsara zai wuce kilomita 226 a saman duniyar Mars ya gangaro zuwa kusan kilomita 57. Masu lura da tafiyarsa sun ga alamun saɓani tun yana hanya, amma ba a bi diddigin abin har ƙarshe ba.

A dukkan ukun kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai tsaya ya ce, “Wannan lambar ta yi kama da gaskiya kuwa?”

Ƙaramin canji a takarda

Akwai wani misali da malamai ke so saboda ko ɗan aji ɗaya zai iya gane kuskuren cikin minti biyar. A ranar 17 ga Yuli 1981, gadojin tafiya biyu da aka rataye a cikin zauren otal ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas City suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata.

A zanen farko, dogon sandan ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa gadar hawa na huɗu ya kai ta hawa na biyu, kowace gada tana zaune kan notinta. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, sai aka raba sandan biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya kuma daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido kamar babu bambanci. Amma a kwatanta da mutum biyu da ke rataye a igiya ɗaya. Idan kowa ya riƙe igiyar da hannunsa, kowa nauyin kansa yake ɗauka. Idan na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, hannun na sama ya ɗauki nauyin mutum biyu. Haka mahaɗar gadar sama ta koma ɗaukar ninki biyu, alhali ko a zanen farko ma ba ta kai abin da dokar gini ta birnin ta tanada ba. An amince da canjin ba tare da sabon lissafi ba, kuma injiniyoyin da ke da alhakin aikin sun rasa lasisinsu.

Citicorp da Hyatt sun haɗu a wuri guda: zanen da injiniya ya yi daban, abin da aka gina daban. Ɗalibin da bai taɓa ganin yadda zane ke canzawa a hannun magina ba, ba zai san inda zai sa ido ba.

Hanyoyin da ake bi a koyar da ita

An daɗe ana cewa basira sai da shekaru. Da gaskiya a ciki, amma shekarun da ba a yi nazarinsu ba ba sa ƙara wa mutum komai. Akwai abubuwan da makarantu da ɗalibai ke yi domin gajarta tafiyar.

Na farko shi ne ƙiyasi kafin lissafi. Ɗalibi ya rubuta amsar da yake tsammani kafin ya taɓa kalkuleta ko manhaja, sannan ya kwatanta. Masanin kimiyya Enrico Fermi ya shahara da wannan: a gwajin bam ɗin nukiliya na farko a watan Yuli 1945, ya saki 'yan guntayen takarda ya ga nisan da iskar fashewar ta tura su, ya ƙiyasta ƙarfin a kilotan 10. Ainihin ƙarfin ya kai kusan ninki biyu na haka, amma da takarda kawai ya faɗa cikin da'irar da ta dace. Manufar ƙiyasi ita ce mutum ya san ko amsar ta kusa 10 ce ko ta kusa 10,000. Wanda ya saba da haka, idan manhaja ta kauce da ninki huɗu zai gani.

Mai sha'awar na'urori zai iya gwada wannan da abin da ke aljihunsa. Fawa-bank mai lamba 20,000mAh da waya mai batir 5,000mAh: rabawa kai-tsaye na cewa caji huɗu. Amma batirin cikin fawa-bank ɗin na bolt 3.7 ne, wato yana ɗauke da kimanin 74Wh, kuma sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko fiye, wayar ta sake sauke ta, ana asarar wani kaso a matsayin zafi a kowane mataki. Shi ya sa a zahiri ake samun caji biyu da rabi zuwa uku. Wanda ya fahimci dalilin ba zai ce an cuce shi ba, kuma idan ya ga ƙaramin fawa-bank mara nauyi an rubuta masa lamba mai ban mamaki, nauyinsa a hannu kaɗai zai sa ya yi shakka.

Na biyu shi ne nazarin abubuwan da suka rushe. Henry Petroski na Jami'ar Duke ya gina littafinsa To Engineer Is Human na 1985 a kan cewa injiniyoyi sun fi koyo daga abin da ya faɗi a kan abin da ya tsaya. Gadar da ke tsaye ba ta faɗa wa kowa saura ƙiris nawa ta faɗi. Wadda ta faɗi kuwa ta nuna iyakar. Hanyar da ta fi amfani ita ce a ba ɗalibai bayanan da injiniyan ke da su kafin hatsarin, a ɓoye ƙarshen labarin, a ce su yanke shawara. Idan an riga an san ƙarshe, kowa gwani ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma rahotannin binciken Ariane 5 da na Mars Climate Orbiter suna nan a intanet kyauta.

Na uku shi ne taƙaitawa. Peck yakan ba ɗalibansa labarin wani aiki na gaske, su yi ta yi masa tambayoyi kamar su ne aka ɗauko a ba da shawara, daga ƙarshe kowa ya taƙaita matsalar da maganinta a shafi ɗaya tak. A ganinsa wanda ya kasa tattara matsala a shafi ɗaya bai fahimce ta ba. Shafi ɗaya yana tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ke da muhimmanci, kuma wannan zaɓin shi ne basirar kanta.

Na huɗu shi ne gina abu da hannu har ya lalace. Jami'ar Aalborg ta Denmark, wadda aka kafa a 1974, ta ɗora karatunta a kan aikin rukuni na warware matsala ta gaske. A shekarar 2000 kuma jami'ar MIT da wasu jami'o'i uku na Sweden suka fara tsarin CDIO, wanda ke son ɗalibi ya bi abu tun daga tunaninsa, zana shi, ƙera shi, har zuwa aiki da shi. Ɗalibin da ya taɓa ƙona transisto saboda bai sa masa abin shanye zafi ba, ba ya buƙatar a sake tuna masa.

Na biyar shi ne bita a gaban wasu. A kamfanonin manhaja ba a cika barin sabon aiki ya shiga ba sai wani ya karanta shi. Ɗalibin da ya saba tsayawa gaban 'yan ajinsa yana kare dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kauri ko wancan waya, zai fara yi wa kansa tambayoyin tun kafin a yi masa. Muhimmin abu shi ne a rubuta kowane zato a fili: an ɗauka zafin wurin ba zai wuce kaza ba, an ɗauka nauyin ba zai wuce kaza ba. Zaton da aka rubuta ana iya duba shi idan yanayi ya canza. Wanda aka bari a kai shi ne irin wanda ya kayar da Ariane 5.

Inda littafi da yanayi suka saɓa

Ga ɗalibin da ke karatu a Zariya, Kano, Maiduguri ko Yamai, wannan batu yana da ƙarin nauyi, domin yawancin littattafai da takardun bayanin kaya an rubuta su ne a wani yanayi daban.

Misali, ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifan sola an auna shi ne faifan yana da zafin digiri 25. A tsakar ranar watan Afrilu a Sakkwato, faifan da ke kan kwano zai iya haura digiri 60, kuma irin faifan da aka fi amfani da shi yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Wato kusan kashi 15 cikin 100 ya tafi tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa.

Haka batir. Mai lamba 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da 2,400Wh a takarda, don haka kayan da ke jan wat 300 za su yi awa takwas. Amma batir mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saura 1,200Wh. Inbata ma tana cin nata kason, sai a tashi da kusan 1,000Wh, wato awa uku da 'yan mintuna. Zafi kuma yana rage masa kwana: ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar irin wannan batir biyu. Sannan ga waya. Wat 1,200 a bolt 230 bai wuce amfiya 5 da ɗan kai ba, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 amfiya 100 ne. Wanda ya sa siririyar waya a nan yana gayyatar gobara.

Duk waɗannan lissafin sakandare ne. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin cewa akwai su, da tuna su a lokacin da mai gida ke cewa a rage kuɗi.

Karatun injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, kuma a ciki akwai watannin koyon aiki na SIWES da asusun ITF ke kula da shi. Nan ne ɗalibi ke da damar ganin tazarar da ke tsakanin zane da gini. Wanda ya tafi don a sa masa hannu a littafi kawai zai dawo yadda ya je. Wanda ya riƙe ɗan littafinsa yana rubuta abin da ya yi tsammani da abin da ya faru, yana tambayar birkila dalilin da ya sa yake jiƙa bulo, yana tambayar mai walda yadda yake gane haɗin da bai kama ba, shi zai dawo da abin da babu a manhajar karatu. Tsohon bakanike na iya gane ciwon inji daga ƙararsa ko da bai san sunan ƙa'idar ba. Ɗalibin da ya haɗa wannan kunne da lissafin aji ya yi riba biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Zamanin ƙirƙirarriyar basira

Manhajoji irin su ChatGPT sun ƙara wa batun zafi. Suna iya warware tambayar aji cikin tsari mai kyau, suna kuma iya kawo amsar da ba daidai ba cikin tsari mai kyau iri ɗaya, ba tare da wata alamar shakka ba. Ɗalibin da bai da ƙiyasin kansa ba shi da abin da zai auna amsar da shi.

Hana amfani da su ba zai yiwu ba, kamar yadda hana kalkuleta bai yiwu ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a juya aikin: ɗalibi ya fara rubuta ƙiyasinsa, ya nemi amsar manhaja, sannan ya binciki ma'aunan da ta yi amfani da su, zaton da ta yi ba tare da ta faɗa ba, da abin da zai faru idan lamba ɗaya ta ninka. Yayin da samar da amsa ke ƙara araha, darajar injiniya tana komawa kan iya tantance ta. Kuma idan gini ya faɗi, hukumar COREN da kotu ba manhaja za su kira ba, wanda ya sa hannu za su nema.

Gani daban, faɗa daban

Akwai ɓangare na ƙarshe da ya fi sauran wuyar koyarwa. A 1907 ana gina wata babbar gada a kan kogin St. Lawrence kusa da birnin Quebec na Kanada. Babban injiniya mai ba da shawara, Theodore Cooper, ya ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafa nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba. Wani matashin injiniya a wurin aikin, Norman McLure, ya lura wasu manyan ƙarafa suna lanƙwashewa, ya yi ta kai rahoto, har ya tafi New York ya ga Cooper da kansa. Cooper ya aika saƙon a daina ƙara nauyi, amma saƙon bai kai ga ma'aikatan a kan lokaci ba. A ranar 29 ga Agusta gadar ta rufta, mutum 75 suka mutu. Matashin ya ga matsalar, sai dai babu wanda ke wurin da ya ɗauki nauyin tsayar da aiki.

Tun 1925 ɗaliban injiniya a Kanada ke karɓar zoben ƙarfe idan sun zo kammala karatu, suna sa shi a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi. Zoben yana gogar takarda duk lokacin da injiniyan ke zane ko sa hannu, yana tuna masa cewa akwai mutane a ƙarƙashin abin da yake tsarawa.

A al'adar da ƙarami ba ya ja da babba, wannan darasi yana buƙatar kulawa ta musamman. Ladabi bai hana ɗalibi ya ce, “Ranka ya daɗe, na sake lissafin nan ban samu abin da aka samu ba, ko za a duba mini?” Malamin da ya karɓi irin wannan tambaya da fara'a yana renon injiniyan da zai iya tsayar da zuba kankare gobe idan ya ga rodin bai kai ba. Wanda ya kunyata mai tambaya kuwa yana koya wa ajin gaba ɗaya cewa shiru ya fi aminci, kuma da wannan darasin za su fita wurin aiki.

Ɗalibin da ke son farawa ba ya buƙatar jiran a canza tsarin karatu. Littafin rubutu ɗaya ya isa: kafin kowane lissafi ya rubuta ƙiyasinsa, bayan kowane gwaji ya rubuta inda ya kauce da dalili, kowane wata kuma ya karanta rahoton hatsari ɗaya har ƙarshe. Wanda ya yi haka tun daga aji biyu, kafin ya kai aji biyar zai sami ɗaruruwan wuraren da ya auna zatonsa da zahiri, kuma ranar da manhaja ta ba shi lambar da ba ta zauna ba, zai tsaya ya sake dubawa kafin ya sa hannu.